Layar da Baba Ya Bari a Aljihu

Ubana, Imoru Mai Rijiya, gajere ne, baƙi, mai faɗa, kuma duk unguwarmu ta Sakasaka babu wanda ya kai shi taurin kai sai ni Azeta da na gado shi. In kun taɓa shan ruwan tsohuwar rijiya a Tamale, daga Kaladan har Dungu, da wuya in babu hannunsa a ciki. Garin namu kuwa kun san shi da ƙishi. Ka haƙa ka tarar da marmara, ka fasa marmarar ka tarar da yumɓu, ka wuce yumɓun ƙasa ta ce maka sai gobe. Baba yakan tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗanɗana, sannan ya ce wa mai gida, "Nan babu. Mu matsa gindin waccan ɗorawar." In mai gida ya tsaya gardama, Baba ya saɓa digarsa ya kama hanya, ko sallama babu.

Uwata Abibatu ta rasu ina 'yar shekara shida, bai kuma sake aure ba duk da surutun mutane. Abin da ta bar mini ɗan kunne ne na azurfa, wari ɗaya tak. Ɗayan an ce ya ɓace a hidimar rasuwa, na kuma yarda, na ɗaure nawa a tsumma na ajiye a ƙasan akwati. Baba ne ya raine ni, shi da abokin aikinsa Mba Mutaru, wato Baba Mutaru a bakin Dagomba.

Mba Mutaru Dagomba ne ɗan Kaladan, ƙato, wanda in zai shiga ɗakinmu sai ya sunkuya. Hausar kasuwa yake yi, ko a jikinsa, ni kullum "Azeta ɗana" nake a bakinsa. Buhun masara yakan ɗauka da hannu ɗaya ya aza a lori. Amma wannan ƙaton, in kun ce ya sa ƙafa cikin rijiya, to kun gama da shi. Gwiwoyinsa su kama kaɗawa, gumi ya keto masa, bakinsa ya bushe. Shekara goma sha biyar yana riƙe wa Baba igiya, bai taɓa sauka ko taku uku ba. Mutane suka laƙaba masa Mutaru Bakin-Rijiya, suna faɗa suna dariya, shi ma yana taya su. Baba ne kaɗai ba ya dariyar, don ya san tushen abin. Mutaru yana saurayi rijiya ta rufta da wansa a gabansa, yana riƙe da igiyar, ya ja ya ja har tafin hannunsa ya saɓule, igiya ta fito babu kowa.

Ga yadda suke aikin. Mutum ɗaya a ƙasa, uku a sama: mai igiya, mai zubar da ƙasa, da mai ido, wanda ba ya komai sai kallon bango ko ya ga ya fara tsagewa. Ana kafa gwafa biyu a gicciya itace a kai, igiyar guga ta bi ta bisansa. A jikin bango kuma ana sassaƙa 'yan ramuka na taka ƙafa, hagu da dama, har ƙasa. Kafin Baba ya sauka yakan tuɓe rigarsa ya rataye a gwafa, ya yi bisimilla, ya ce wa Mba Mutaru, "Raina na hannunka." Shi kuma ya ce, "Yana hannun Allah, ni igiya ce a hannuna." Kullum haka, har na haddace.

Ranar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga ta Gana, duk Tamale ta tafi filin taro. 'Yan makaranta na maci, makaɗa na ta zuba kiɗa, ni ma ina can da 'yar tutar takarda a hannu, na sha kwalliya, ina shekara goma sha shida. Baba kuwa yana Dungu, can bayan gari, cikin rami. Idon ruwa ya fara nunawa tun jiya, ya ce ba zai bari ba. Leburorinsa biyu suka ce su dai yau biki za su, ya bi su da zagi, ya ce tuta ba za ta shayar da kowa ba. Shi da ya kafa dokar mutum uku a sama, shi ya fara karya ta. Na faɗa masa haka a gabansa daga baya, ba sau ɗaya ba, bai kuma taɓa musu ba.

Abin da ya faru a ramin na ji shi daga bakinsu su biyu, kowa a lokacinsa, labarin kuma bai saɓa ba. Wajen hantsi Baba ya fasa cikin yashi, ruwa ya ɓulɓulo. Kafin ya gama hamdala, gefen bango ya zaftaro ya danne shi har ƙirji, wani dutse ya take masa ƙafar hagu. Hannuwansa na waje, kansa na waje, amma ko motsi ba ya iyawa. Ruwan da ya yi wata biyu yana nema kuma ya ci gaba da zuwa, a hankali, yana hawa kan yashin.

Mba Mutaru ya leƙo, ya ga abin da ya gani shekaru ashirin baya, sai ya fashe da kuka. Ya jefa igiya, Baba ya ɗaura a hammata, Mba Mutaru ya ja har Baba ya yi ihu ya ce ya bari zai raba shi biyu. Sai an sauka an tone da hannu. Mba Mutaru ya ce bari ya ruga gari ya kira mutane. Dungu ba kowa sai tsofaffi da awaki, gari kuma tafiyar fiye da awa ɗaya ce zuwa da dawowa, ko da gudu. Baba ya dubi inda ruwa yake a haƙarƙarinsa, ya dubi inda yake ɗazu, ya san kafin a dawo ya wuce hancinsa.

Ya fara da lallashi. Ya haɗa shi da Allah da Annabi. Ya ambaci sunana, ya ce wa zai bar wa Azeta. Mba Mutaru ya zuro ƙafa ɗaya, ya taka ramin farko, ƙafar ta kama rawa, ya janye. Baba ya koma zagi, ya kira shi matsoraci, ya kira shi ƙaton banza, abin da bai taɓa faɗa masa ba. Duk a banza. Mutumin na durƙushe a bakin rijiya yana ta "Imoru, ka yafe mini, ba na iyawa, ba na iyawa."

Sai Baba ya bar zagin. Ya ce mini a nan ne ya tuna da abin da ke aljihun rigarsa. Da ya sake magana sai ya yi ta da murya kwance, har da 'yar dariya.

"Kai, Mutaru, ashe wautata ce. Na manta layata."

"Wace laya?"

"Duba aljihun rigata. Wani malami a Salaga ya yi wa ubana ita, ubana ya ba ni. Duk mai ita a wuya, ƙasa ba ta cin sa. Kai ba ka taɓa tambayar kanka yadda na shekara talatin a rami ko ƙwarzane babu ba? Yau ne kawai na yi gaggawa na bar ta a sama, ka ga abin da ya biyo baya."

Mba Mutaru ya lalubi aljihu, ga 'yar fata ja, ɗinkakkiya, da zarenta. Ya riƙe ta ya ce, "In jefo maka?"

"Ni ta riga ta wuce ni, ƙasa ta kama. Kai za ka rataya ka sauko."

"Imoru, ka rantse."

Baba ya rantse. Da sunan Allah ya rantse, ruwa na taɓa masa wuya.

Mba Mutaru ya rataya, ya damƙe ta da haƙora, ya sauka yana salati da Dagbanci da Hausa a haɗe. Ya sa ƙwarya da hannuwa ya shiga tono. Ana cikin haka wani curin ƙasa ya faɗo ya daki kafaɗarsa, ya miƙe zai hau, Baba ya ce masa, "Ka gani? Kanka ya nufa, ita ta karkatar da shi. Ci gaba." Ya ci gaba. Ya ture dutsen, ya zaro ƙafar da ta riga ta karye biyu, ya sake ɗaura wa Baba igiya, ya hau ya kwarara ihu har tsofaffin mata uku suka fito daga gidaje. Shi da su suka jawo Baba. Ba su gama shimfiɗe shi a inuwa ba suka ji gum, rijiyar ta rufta gaba ɗaya, gwafa da guga da komai. Mba Mutaru ya dubi inda ramin yake, ya dubi layar a ƙirjinsa, ya sumbace ta.

Ni ina dawowa daga biki da tutata aka ce mini ubanki na asibiti. Wata biyu ya yi a kwance. Ƙafar ta ɗore amma a karkace, ta kuma gajarce, hawa da sauka a rami ya ƙare masa ke nan. Ina zaune a gefen gadonsa ranar da Mba Mutaru ya zo ya ciro layar zai mayar masa. Baba ya miƙa hannu, sai mutumin ya riƙe zaren bai saki ba, ya ce, "Imoru, kai yanzu ba ka shiga. In ka ba ni aronta, ni in shiga, kai ka riƙe igiya. Yara su ci tuwo." Na ga Baba ya buɗe baki ya rufe. Ya juya fuskarsa bango ya ce, "Riƙe." Na ɗauka zafin ƙafa ne.

Wallahi da kun ga Mba Mutaru a shekarun nan da kun so shi. Tafiyarsa ma ta sake. Ya riƙa shigowa Sakasaka da laka har gira, yana waƙa, ya saya mini ƙosai ya ce, "Azeta ɗana, yau gaba goma sha biyu na sauka, ƙasa ta gan ni ta sunkuyar da kai." Masu ce masa Bakin-Rijiya suka koma ce masa Mutaru Ƙasan-Rijiya, wannan karon babu dariya. Matarsa ta daina jin kunyar zuwa kasuwa. Gida biyu muka ci daga ramin da yake shiga, kayan aurena ma daga can suka fito, don ɗansa Issahaku na aura bayan shekara uku. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ci tuwon ƙaryar nan, na kuma ƙoshi.

Baba kuwa sai ya zama wani mutum dabam a bakin rijiya. Da ma mai faɗa ne, yanzu abin ya wuce misali. Mutum uku a sama suka zama huɗu. Kafin Mba Mutaru ya sauka sai an zura fitila an ga ba ta mutu ba. Sai Baba ya kwanta rub-da-ciki ya ƙwanƙwasa bango da sanda yana saurare. Ɗan yashi ya gangaro, ya daka tsawa, "Fito!" Mba Mutaru ya ɗago kai daga ƙasa ya ce, "Haba Imoru, tana wuyana fa." Baba ya ce, "Na ce ka fito, ko in sauko da gurguwar ƙafar nan in fito da kai." Ayyuka da yawa ya ƙi karɓa, masu gida suka ce tsufa ya sa masa tsoro. Igiya kuwa kowane wata biyu sai ya sake sabuwa, tsohuwar ya ba mata su yi shanya. In ya dawo gida ba ya cin abincin kirki, ya rame, ya riƙa azumin Litinin da Alhamis ba fashi.

Daga baya ya faɗa mini har wajen liman ya je, ya ba shi labarin a sakaye, wai wani ne. Liman ya ce ƙaryar da aka yi don ceton rai Allah mai gafara ne a kanta. Baba ya ce, "Malam, ran da aka ceta na mai ƙaryar ne. Na wani aka jefa a rami." Liman ya ce to ya gaya wa mutumin gaskiya ya nemi afuwa. Baba ya yi godiya ya fito, ya kuma shekara shida bai gaya masa ba. Wai duk ranar da ya shirya, sai ya ga mutumin ya shigo yana waƙa. Ni kuwa na ce masa ba waƙar kaɗai ba ce, har da tukunyarmu da ke kan wuta. Ya ce haka ne.

Ina da cikin fari wata bakwai aka kira su yasar wata tsohuwar rijiya a Kaladan, wadda ba a san ma wanda ya haƙa ta ba. Baba ya je ya kwanta ya ƙwanƙwasa, ya tashi ya ce ba za su taɓa ta ba, bangon ya ruɓe daga ciki. Mba Mutaru ya ce unguwarsu ce, 'yan uwansa ne ke shan ruwan kwata, ba zai ce musu a'a ba. Gwiwarsa kuma ta fara ciwo a lokacin. Da safe sai ga shi a gidanmu tare da Issahaku, muna zaune gindin darbejiya ina dama koko. Mijina a lokacin ya shekara biyu yana zubar musu da ƙasa, yana ta ɗokin a bar shi ya sauka. Mba Mutaru ya tsaya a tsakar gida, ya cire layar daga wuyansa, ya rataya wa ɗansa, ya ce, "Imoru, ka sa albarka. Daga Salaga ta zo gidanku, daga gidanku ta zo wuyana, yau ta koma wuyan mijin 'yarka. Shi zai shiga ta Kaladan."

Ni har guɗa na so in yi, wawiya. Na dubi Baba na ga fuskarsa ta yi toka-toka. Ya dubi cikina, ya dubi Issahaku, ya ce, "Azeta, miƙo mini wuƙa."

Na miƙa masa wuƙar albasa. Ya yafito Issahaku, ya zare layar daga wuyansa, ya aza a gwiwa ya farke ɗinkin. Mba Mutaru ya yi tsalle zai riƙe hannunsa yana "A'uzubillahi, Imoru, ka haukace?" Fatar ta buɗe. Babu takarda, babu rubutu, babu ko ƙullin magani. Ɗan kunne ne na azurfa ya faɗo kan tabarma, ya yi baƙi don daɗewa. Ludayin ya suɓuce daga hannuna, don na san shi, ɗan uwansa na ƙasan akwatina.

Baba ya ce, "Na Abibatu ne. Ranar da ta rasu na ɗauke. Kunya ta hana ni a ga namiji da ɗan kunnen mace a aljihu, na kai wa baduku ya rufe mini shi da fata. Babu wani malamin Salaga. Ban taɓa shiga rami da ita ba ko sau ɗaya. Ƙarya na yi maka, Mutaru, na kuma rantse a kanta."

Mba Mutaru ya daɗe yana kallon ɗan kunnen. Sai na ga gwiwoyinsa sun fara kaɗawa, irin kaɗawar da na manta da ita. Ya zauna daɓas a ƙasa, ba a tabarma ba.

"Rijiya nawa na shiga, Imoru?"

"Arba'in da ɗaya."

"Ka ƙirga."

"Kowace ɗaya."

"Da ɗaya ta rufta da ni fa?"

"Da ni na kashe ka."

"Kuma ka san yadda wana ya tafi."

"Na sani. Shi ya sa na san abin da zan faɗa maka."

Wannan amsar ta ƙarshe, ni da nake 'yarsa sai da na ji kamar in mare shi. Amma gaskiya ce, kuma Baba in ya fara faɗin gaskiya ba ya rage mata gishiri. Mba Mutaru ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa, ya kama hannun Issahaku kamar ƙaramin yaro ya ce, "Ba ka shiga." Suka fita. Kokon ranar awaki suka sha. Rijiyar Kaladan ba wanda ya shiga, damina na zuwa ta rufta da kanta.

Wata biyu Mba Mutaru bai tako Sakasaka ba. Baba yakan ja ƙafarsa har Kaladan, ya zauna a dakalin ƙofar gidan tun hantsi har azahar, a fito a ce masa mai gida ba ya nan, alhali ana jin tarinsa daga ciki. Washegari ya koma. Ni ina tsakiya, uba a nan, suruki a can, na yi kuka har na gaji. Ranar sunan ɗana ne Mba Mutaru ya zo. Ya shigo da rago, ya wuce kowa, ya tsaya kan Baba ya yi masa gaisuwar safiya irin tasu ta Dagomba, ya ce, "Maƙaryaci, dasiba." Baba ya ɗago kai, idonsa ya cika, ya amsa gaisuwar yadda suke amsawa, "Naa." Daga ranar, Maƙaryaci ne sunan da yake kiransa da shi, a gaban kowa, Baba kuma bai taɓa ƙin amsawa ba.

Amma kada ku ce komai ya koma daidai, bai koma ba. Mba Mutaru bai sake shiga rami ba. Tsoron ya dawo ya fi na da, don a da yana iya tsayawa a baki ya riƙe igiya, yanzu ko leƙawa ba ya yi. Kwalbati in ya yi zurfi sai ya zagaya. Sana'ar ta mutu a hannunsu, ya koma dako a tashar lori da furfurarsa, Issahaku ya koyi gini, Baba ya zauna yana tufka igiya yana sayarwa. Waƙar nan da yake shigowa da ita ban sake jin ta ba. Da yamma dai yakan zo su zauna gindin darbejiya, su raba goro ɗaya, su yi ta musu a kan wace rijiya ta fi wace zurfi.

Wata rana Baba ya shiga alwala, na kawo wa Mba Mutaru ruwa, bakina da ba ya shiru ya tambaye shi. Na ce, "Mba, tsakaninka da Allah, da bai yi maka ƙaryar nan ba, da ka sauka?"

Ya juya kofin a hannunsa ya ce, "Azeta ɗana, abin da ke cina ke nan. Ba rijiya arba'in da ɗaya ba, waɗannan sun wuce, na fito. Watakila da ruwan ya kai bakinsa da na rufe ido na faɗa. Watakila kuma da na tsaya ina kallo kamar yadda na kalli wana. Ban sani ba. Ubanki bai bari na sani ba."

Na ce, "To da ka fi so ya mutu yana mai gaskiya?"

Ya harare ni ya ce, "Ke, wa ya ce miki haka? Da wa zan riƙa zagi da yamma?" Ya shanye ruwan ya miƙo mini kofin.

Na yi shekaru ina juya maganar nan. Wani lokaci in ce Baba bai yi laifi ba, mai nutsewa ne, kuma ba don ƙaryar ba da na tashi marainiya gaba da baya. Wani lokaci in tuna cewa ya san daidai inda ciwon amininsa yake, ya kuma sa yatsa a wurin. Duka biyun gaskiya ne, ina kuma son sa a haka, gajeren mutum mai taurin kai.

Baba ya rasu shekara uku bayan fasa layar, cikin watan Agusta, ana tsakiyar ruwa. Zazzaɓi ne na kwana biyar. Mba Mutaru na gefensa har ƙarshe, shi ya rufe masa ido. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, Issahaku ne ya ba ni labari. Ya ce an kwana ana ruwa, ƙasar ta jiƙe sharaf, masu haƙa suna yi gefe na zubowa, har sai da suka zurfafa fiye da yadda aka saba kafin su sami inda ya tsaya. Da aka kawo gawa liman ya ce mutum biyu su sauka su karɓa. Issahaku ya tuɓe takalmi, wani maƙwabci ma ya matso. Sai Mba Mutaru ya dafe ƙirjin maƙwabcin ya mayar da shi baya.

Kada wani ya ce mini ai kabari ba rijiya ba ne. Mutumin da ke zagaye kwalbati nake ba ku labari. Issahaku ya ce gwiwoyin ubansa na bugun juna har ana gani ta cikin wando, gumi na zuba daga haɓarsa cikin sanyin nan. Ya zauna a baki, ya zura ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya zura ɗayar, ya sauka. Yana miƙa hannu zai karɓa, gefen kabarin ya zaftaro ya rufe masa ƙafafu har ƙwauri. Mutane suka ce, "Mba, fito, fito!" Bai ko dube su ba. Ya karɓi Baba, ya kwantar da shi a kan damansa, ya gyara masa fuska ta dubi gabas, ya kwance ƙullin likkafani, ya jera itace ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Sai da ya gama sannan ya bari aka kama hannunsa aka jawo shi.

Da suka dawo ina zaune cikin mata a tsakar gida. Ya shigo da laka har gwiwa, bai tsaya wajen maza ba, ya ratso har inda nake, abin da suruki ba ya yi. Ya durƙusa a gabana, ya ja wuyan rigarsa ƙasa da hannu biyu ya nuna mini.

"Azeta ɗana, duba. Babu komai a wuyana. Na shiga."

Na ce, "Na ji, Mba."

Ya ce, "To wa zai gaya wa maƙaryacin nan?"